Idan Dabba Ta Kwanta Cikin Dare a Akra, Ƙofar Wa Za Ka Buga?

Muzurun mahaifiyata ne ya koya mini bambancin masu duba dabbobi a garin nan. Wani daren Alhamis a gidanmu na Mamobi muka ga yana ta zarya zuwa wurin yashinsa, ya tsuguna, ya yi nishi, ba abin da ke fita, ya koma gefe yana lasar gabansa yana kuka ƙasa-ƙasa. Mma ta ce, "Cikinsa ne ya ɗaure, ɗebo manja ka ba shi." Ban ba shi ba, amma na kira wani mai zagayawa a kan babur da ke yi wa ragunan unguwa allura. Ya zo, ya yi masa allura biyu, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Washegari da la'asar muzuru ya fara amai, kunnuwansa sun yi sanyi. Da muka kai shi wani asibiti mai zaman kansa, likitar ta ɗora yatsu a mararsa, ta kama hannuna ta sa na taɓa: wani abu ne mai tauri kamar lemun zaƙi. Ta ce, "Alhaji, wannan mafitsara ce, hanyar fitsari ce ta toshe. Da kun ƙara kwana guda, da wuya ya kai." Aka sa masa maganin barci, aka zura siririyar roba, fitsari ya fito ja wur kamar zoɓo. Kwanansa uku ana masa ƙarin ruwa.

Toshewar fitsari a muzuru tana iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku, domin ƙoda na tsayawa, guba ta taru a jini. Babu allurar da ke buɗe ta. Kuma mai babur ɗin ba mugu ba ne, aikin ne ya fi ƙarfin jakarsa. Shi ya sa nake ganin kafin a tambayi wa ya fi araha, a fara tambayar wa ke da kayan aikin da wannan ciwon yake buƙata.

Asibitin dabbobi na gwamnati da ke La shi ne wanda yawancinmu muka sani. Yana ƙarƙashin hukumar kula da lafiyar dabbobi ta Ma'aikatar Abinci da Noma, kuɗinsa da sauƙi, kuma ma'aikatansa sun ga cututtukan ƙasar nan iri-iri, daga kyanwa da kare har tumaki da kaji. Rigakafi, ɗinkin rauni, ƙurji, ƙaiƙayi, gudawa da rana tsaka, duk can zan nufa ba tare da na yi shawara da kowa ba. Sai dai wurin gwamnati ne, ƙarfinsa a lokacin aiki yake. Ranar da ka je rigakafi, ka tambayi yadda suke yi da dare da ƙarshen mako, ka karɓi lambar da za a kira. Ka kuma riƙe ɗan kuɗi a gefe, domin ana iya rubuta maka magani ka sayo a waje.

A Legon akwai makarantar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Gana, wadda aka buɗe a 2009, tana da asibitin koyarwa na ƙananan dabbobi. Ga mutanen unguwar Madina kusa ne. Amfaninta shi ne ciwon da ya ƙi ganuwa, wanda ke buƙatar gwajin jini da idon malamai fiye da ɗaya. Za ka tarar da ɗalibai kewaye da dabbarka, kuma abin yakan ɗauki lokaci. 'Yan'uwa na Kumasi su ma suna da irin wannan zaɓi: ofishin gwamnati a Amakom, da makarantar da ke jami'ar KNUST.

Asibitoci masu zaman kansu su ne suka fi tsada, kuma da yawansu suna unguwannin masu hannu da shuni irin su East Legon. Nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido, don allon ƙofa ba ya nuna abin da ke ciki. Wani wurin shagon sayar da abincin karnuka ne da tebur guda a baya, wani kuma yana da ɗakin tiyata, da na'urar hoton ƙashi, da iskar numfashi, da kejin kwantar da dabba. Idan an ce maka suna aiki dare da rana, tambaya ta gaba ita ce: likita na kwana a wurin, ko sai an kira shi daga gida? Idan an kwantar da dabba, wa ke duba ta da ƙarfe uku na dare? Nawa ne kuɗin ganin likita bayan an tashi aiki, kuma nawa za a fara ajiyewa? Katin inshorar lafiya na ƙasa ba ya aiki a kan dabba, komai daga aljihunka ko MoMo ɗinka, wato asusun kuɗin waya, zai fito, saboda haka ba abin kunya ba ne ka nemi a faɗa maka ƙiyasin kuɗi kafin a fara. Likitan kirki zai gaya maka abin da ba makawa yau da abin da zai iya jira. Na ga ana raina wannan tsada ana cewa ai kyanwa ce kawai. Ni dai na ga fuskar Mma ranar da muka dawo da muzurunta gida yana tafiya da ƙafarsa.

Masu zuwa gida kuwa kashi biyu ne, kuma raba su ba wuya. Akwai likitoci da malaman dabbobi na gaske, wasunsu sun yi karatu a kwalejin lafiyar dabbobi ta Pong-Tamale, akwai kuma wanda ya koyi riƙe sirinji kawai. Tun 1992 doka ta ɗora wa Majalisar Likitocin Dabbobi ta Gana rajistar likitoci, don haka kana da damar tambayar mutum inda ya yi karatu da ofishin da yake aiki. Na gaske yakan auna zafin jiki, ya duba dasashi, ya faɗi sunan maganin da ya zuƙa, kuma idan abu ya fi ƙarfinsa ya ce a tafi asibiti. Ga mai rago ko akuya, wannan shi ne zaɓin da ya fi dacewa, don ɗaukar ragon da cikinsa ya kumbura a cunkoson hanyar Nima wahala ce a kan wahala. Gab da Babbar Sallah abin ya fi yawa: an sayo rago daga Ashaiman, yara sun tura masa ragowar banku da shinkafa da ɗanyen ɓawon rogo, kafin dare gefen hagunsa ya tashi kamar ganga, yana numfashi da ƙyar. Wannan na sa'o'i ne, a kira mai sani nan take. Wanda kuma ya daɗe yana ramewa alhali cikinsa ƙato, sau da yawa leda ce ta cika masa tumbi, kuma sai tiyata.

Shagon maganin dabbobi da kemis ɗin unguwa su ne mafi kusa, su ne kuma na fi tsoro. Ka sayi abin da likita ya rubuta, amma kada ka bar mai shago ya zama likita. Farasitamol ɗin da muke sha, ƙwaya guda tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi: dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura. Maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin fametirin yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Manja ma da ake ɗurawa dabbar da ta ci guba ba ya karya guba, yana iya sarƙe ta ya gangara huhu. Idan maganin ɓera ne mai hana jini daskarewa, dabba na iya yin kwana uku zuwa biyar kamar lafiya lau kafin jini ya ɓalle mata a ciki, kuma makarinsa bitamin K1 ne a hannun likita. Idan maganin feshin ƙwari ne, za ka ga dalala da rawar jiki nan da nan. Ko wanne ne, ka ɗauki kwalin ko kwalbar ka tafi da ita.

Abu guda ne ban yarda a kai wa kowa ba sai hukuma: dabbar da ta canza hali, tana cizo ba dalili, tana dalala. Wannan ana zargin haukan kare ne, kuma kyanwa ma tana kamuwa. A kulle ta, kada a kama da hannu, a sanar da ofishin dabbobi na gwamnati. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya wuce asibitin mutane a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira.

Wajen tafiya, a naɗe kyanwa a zani ko tawul, a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, don mai jin zafi tana yakushin ko uwar ɗakinta. Wadda mota ta buge a kwantar da ita a kan faffaɗan katako, kada a ja ƙafar da ta karye, kada a ba ta abinci don ƙila a yi mata tiyata. A ɗauki tasi, ba bas ɗin haya ta turoturo ba, a kuma kira asibitin tun ana hanya. Mu yanzu lambobi uku ne rubuce da biro a bangon ɗakin Mma, kusa da kalandar sallah: ta La, ta asibitin da ya ceci muzuru, da ta wani malamin dabbobi da ke zuwa duba ragunan ƙanena.