Kwamfutar Dell OptiPlex 7060 ta hannu da na saya wa autanmu, bayan wata biyar

Autanmu ya gama sakandare, yana jiran sakamako, ya kuma ɗaura niyyar koyon zanen katin biki da fosta da CorelDRAW. Da ya zo mini da maganar, laftof yake so. Na ce masa, "Auta, kuɗin da ke hannuna in na saya maka laftof, mai rauni za ka samu, kuma yadda ka saye ta haka za ta tsufa. Bari mu nemi ta tebur, wadda za ka riƙa ƙara mata ƙarfi duk sanda ka samu ɗan canji." Ya ce, "To Yaya, yadda ka gani."

Ranar Asabar muka shiga Beirut Road a Kano. Shagon farko mai shi ya sauko mana da wata, yana bubbuga ta yana cewa, "Alhaji, wannan Core i7 ce, ba ka da matsala." Na roƙe shi ya kunna. Ashe i7-4770 ce, ta shekarar 2013. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin kunne ya saba jin cewa i7 ta fi i5 a jerin ƙwaƙwalwar kwamfuta (processor) na kamfanin Intel. Lambar da ke biye ita ce magana: a irin wannan mai adadi huɗu, adadin farko shi ke nuna zubin da aka yi ta. Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, Microsoft kuwa ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ban ga dalilin da zan ɗora wa yaro na'urar da aka riga aka rufe mata ƙofa ba.

A shago na uku muka samu OptiPlex 7060, siririyar nan da ake kira SFF, irin wadda ofisoshin Turai da Amurka ke sallamawa bayan 'yan shekaru. Tana ɗauke da i5-8500 ta 2018, mai cibiya (core, wato sashen da ke gudanar da aiki) shida, inda waccan i7 ɗin ke da huɗu. RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) gig 8, SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri) gig 256.

Abin da ya sa na biya kuɗin ba waɗannan lambobin ba ne. Na ce wa mai shagon ya buɗe mini cikinta. Bai ko ɗauko sukudireba ba, wani ɗan makulli ya ture a baya, murfin ya zame. Na kira Auta ya leƙa. Gurbin RAM huɗu ne a jere, ɗaya kaɗai ke da kaya, uku na nan wayam, kuma babban allon cikinta (motherboard) zai iya ɗaukar har gig 64 na RAM nau'in DDR4. SSD ɗin ɗan siriri ne kamar cingam, a kwance kan allo, saboda haka wurin babban hadis (hard disk) yana nan ba kowa. Na ce masa, "Ka ga waɗannan ramukan? Su muka zo saya." Ƙanwarta 3060 tana gefe, ta ɗan fi araha, amma gurbinta biyu ne kacal, shi ya sa na bar ta.

Kafin mu fito na danna F12 tana tashi, na sa ta gwada kanta da kanta, fanka da RAM da komai. Na kuma shigar da lambar da ke manne a jikinta a shafin Dell ta wayata, na tabbatar ƙirar da aka ce ita ce. Duk wanda zai sayi ta hannu ya yi waɗannan biyun, minti goma sun isa. Mai shagon bai nuna ƙosawa ba, har kujera ya ba mu, kuma hakan ya ƙara mini natsuwa da shi.

Wata biyar ke nan. Tana tashi kafin Auta ya gyara zama, ba ta da ƙara, ko da dare sai ka kasa kunne za ka ji fankarta. A wata na uku ya fara kukan tana jan ƙafa in ya buɗe CorelDRAW da Photoshop tare. Da kuɗin katin suna guda biyu da ya yi wa maƙwabta ya sayo RAM gig 8, ya sa da hannunsa, ina tsaye ban taɓa ba. Yadda ya ɗago ya kalle ni da ta nuna 16 ba zan manta ba.

Sai dai a san iyakarta. Gidan wutarta wat 200 ne, kuma ba irin na gama-gari ba ne da za ka cire ka sa kowanne. Sirantarta ma ba ta karɓar katin hoto (graphics card) sai gajere marar cin wuta. Mai son manyan wasanni ko haɗa bidiyo mai nauyi ya nemi doguwar, ko ya haɗa tasa daga tushe. Wajen haɗa ta da allon kallo, tamu ramin DisplayPort biyu gare ta, babu na HDMI, sai da muka sayi 'yar wayar juyi don allon da muke da shi. Wi-Fi ma ɗan USB muka maƙala mata.

Sai maganar wuta. Ta tebur ba ta da batir, NEPA na ɗaukewa aikin da ba a adana ba ya tafi. Na sa UPS, batirin da ke riƙe ta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, cikin lissafi tun farko, na gwammace allon ya zama ƙarami da a rasa shi. Da hunturu ya shigo kuma na ga ƙura ta fara toshe ragar gaba, yanzu duk ƙarshen wata Auta na fitar da ita tsakar gida ya hure ta, Inna na daga ɗaki tana ce masa ya yi nesa da tukunyarta.

Abu na gaba a takardarsa hadis ne mai tera ɗaya, don hotunan amare sun fara cika masa SSD.