A Ohayo Na Fara Shiga Ƙarƙashin Mota

Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun da ƙanina ya nuna wa Hajiya hotona ina kwance a ƙarƙashin mota, wayata ba ta huta ba. Hajiya cewa ta yi, "Wahalar da ka tafi nema ke nan a ƙasar mutane?" Wasu kuma sun ɗauka aikina ne ya ƙare na koma kanikanci. Aiki yana nan lafiya lau. Ga yadda abin ya samo asali.

Shekara biyu da suka wuce na sayi wata tsohuwar akori-kura ƙirar 2003 a nan Kolombos ta jihar Ohayo a Amurka, mai silinda shida, ta ci mil 190,000, wato sama da kilomita 300,000. A nan akori-kura ba ta dakon tumatir daga Kadawa zuwa 'Yankaba ba ce kaɗai, likita yana hawa, lauya yana hawa. Ni dai na saye ta ne saboda kujeru da gadaje na hannu da nake sara ina sayarwa a ƙarshen mako.

Wata safiya cikin Nuwamba ta fara kakkarwa in na tsaya a danja, ga wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na kai ta gareji. Ban ga bakanike da idona ba. Wata budurwa ce a bayan tebur da kwamfuta, ta miƙo min takarda na sa hannu ban karanta ba, ta karɓi makulli, ta nuna min ɗakin jira. Bayan awa guda ta kira ni. Kuɗin dubawa dala 160. Gyara kuma, in na amince, dala 780, yawancinsa ladan aiki, domin awa ɗaya ta bakanikensu dala 140 ce.

Na yi abin da kowane Bakano zai yi, na ce a duba min, a yi ragi. Ta dube ni kamar ba ta gane maganar ba. Na ce to na fasa gyaran, a ba ni makullina. Ta ce sai na biya 160 ɗin. Na ce me aka gyara? Ta ce ba a gyara komai ba, an duba. Nan raina ya ɓaci, muryata ta ɗaga, mutanen ɗakin jira duk suka juyo. Manajan ya fito, bai yi faɗa ba, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna, ya ce wanda ya duba motar shekaru ya yi yana koyon aikin nan, lokacinsa ba kyauta ba ne. Na biya na fita kaina a sunkuye. Har na isa gida ba kuɗin ne ke cin raina ba, kallon da aka yi min ne, kallon mutumin da ya zo cin gumin ma'aikaci. Abin da ya fi ciwo kuma, na san sau nawa na yi haka a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, ba wanda ya ɗaga min gira: bakanike ya yini yana neman matsala, ya gano, in ce "ai ɗan wannan ne kawai," in miƙa masa kuɗin shan ruwa.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya haura saba'in, tsohon direban motar 'yan makaranta. Ya gan ni tsaye na buɗe gaban mota ina kallon inji, ya tako ya zo. Tambaya uku ya yi min: injin lita nawa ne, wane irin baƙin mai take sha, yaushe aka canza fulogi. Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Shekara 12 ina tuƙi a Kano, mota uku na riƙe, amma ban taɓa kwance fulogi da hannuna ba. Bai ce komai ba, ya shiga gida ya fito da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, ya durƙusa ya soka ta a wata kafa da ke ƙasan sitiyari. Ya ce tun daga 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka dole tana da wannan kafa mai baki 16, kwamfutar mota tana ajiye ƙorafinta a nan. Cikin minti guda lamba ta fito: P0304. Ma'anarta silinda ta huɗu ba ta ƙona mai daidai. Abin da na biya dala 160 a kansa ke nan, ko da yake dattijon ya yi adalci, ya ce lamba unguwar da ciwon yake kawai take nunawa, gano gidan kuma sai mai ido.

Ranar Asabar muka yi aikin, inji a sanyaye. Ya hana ni cire wayoyin gaba ɗaya, ya ce ɗaya bayan ɗaya, don in ka rikita jerinsu mota ba za ta tashi daidai ba. Da fulogi na huɗu ya fito na riƙe shi a hannu na daɗe ina kallo. Bakinsa ya cinye ya yi mulmul, tazarar da wuta ke tsallakawa ta buɗe, wayarsa kuma ta tsage har da wani farin tabo inda wutar ke zurarewa ta bugi jikin inji. Sabon kuma ya ce in fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna kafin sifana ta taɓa shi, don kada zaren ya hau karkace. Fulogi shida da wayoyinsu ba su kai dala 70 ba. Na murɗa makulli, ta tashi tana numfashi sumul. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Daga ranar nake yin juyen baƙin mai da kaina, na canza birki, na canza belt, na canza batir. Abin da ya sauƙaƙa min shi ne shagon kayan gyara. Kowace mota tana da lambar jiki mai harafi da alƙalami 17, ka ba su ita, kwamfuta ta fito da ainihin abin da ya dace da motarka, ba "kawo tsohon mu gwada" ba. Farashi a rubuce, rasit a hannu, in bai yi ba ka mayar. Kayan aikin da ba kullum ake buƙata ba aro suke bayarwa: ka ajiye kuɗin jingina, ka dawo da shi, a mayar maka da kuɗinka cif. In ka sayi batir ko altaneta akwai ɗan kuɗin da ake ɗorawa, sai ka kawo tsohon a mayar maka, su kuma su tura shi masana'anta a sabunta. Mataccen baƙin mai ma a jarka nake zubawa in kai musu, su karɓa kyauta. Duk sanda na ɗauki jarkar nan sai na tuna kwatocin bayan garejinmu, yadda mai ke kwance baƙi ƙirin har damina ta zo ta kwashe shi zuwa rafin Jakara.

Akwai kuma makabartar motoci, wadda ita ce Ƙofar Ruwansu, sai dai ba mai kiran ka "Alhaji me ake nema?" Fili ne fetal, motoci ɗaruruwa a jere an ɗora su a kan ƙarafa, kowane kamfani da layinsa. Ka biya dala biyu a ƙofa, ka shiga da akwatin sifanunka da baro, ka nemi 'yar'uwar motarka ka kwance abin da kake so, ka biya a bakin fita bisa farashin da ke manne a bango. A nan na samo madubi da fitilar baya da marfin bodi. Ba ciniki, ba rantsuwa, ba wanda zai goge tsohon kaya da fetur ya ce maka ɗan Beljiyam ne.

Amma kada ku ɗauka aljanna ce. Gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe kamar gara ta samu azara. Motar da ta shekara 20 a Kano ƙasanta ƙura ce kawai, ka sa sifana noti ya juyo. A nan noti da kusa sun zama abu guda, ka fesa mai ka kwana, ka dawo ka ja, kan ya guntule a hannunka. Aikin minti 20 ya cinye maka yini. Bututun man birkina tsatsa ce ta huda shi, na taka feda ta tafi har ƙasa, Allah ya sa a bakin gida ne. Sannan gidan hayar da nake an hana gyaran mota a wurin fakin, sai na roƙi dattijon nan ya ba ni gaban garejinsa. Ga sanyi. Ƙarfe a watan Janairu in ka riƙe shi ba safar hannu, yatsunka sai su daina jin komai. Kana kwance a kan kwali kai kaɗai, ba yaron da zai miƙo maka sifana mai lamba sha-biyu, ba mai shayi, ba mai rake, ba wanda zai ce an kira la'asar a shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Nan ne kewar gida take kama ni sosai.

Kuma a nan ba a gyara, canzawa ake yi. Altaneta ta mutu, a cire a sa wata. Rewayanmu na gida zai farke ta ya canza abin da ya ƙone ya ɗinke, ta ƙara shekaru. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 akori-kura da har yanzu ke shiga Dawanau da buhuna sun fi ƙarfinsu, wasu tun zamanin da ake haɗa su a Kaduna, hannun mutanenmu ne ya riƙe su, ba kwamfuta ba. Na nuna wa dattijon bidiyon wani mai walda yana ƙera abin da babu shi a kasuwa, ya kalla har sau biyu.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. A gida in fitilar gargaɗi ta kama, sai a zare ƙwanta ko a manna mata baƙin salatif, a ce ai haka take. Mota ta fara zafi, sai a cire tamostat mai daidaita zafin inji a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, ba a nemi dalilin zafin ba. A zuba ruwan rijiya a lagireto har ya yi tsatsa ya toshe. A fasa salansa a kwashe abin nan mai tace hayaƙi da muke ce wa indomi a sayar, mai mota bai sani ba. Kowace mota, sabuwa da tsohuwa, baƙin mai mai kauri ɗaya ake ɗura mata, alhali a jikin marfin an rubuta wanda take so. Man da tawa take so 5W ne a farkon lambarsa, wato wanda ba ya yin kauri sosai a sanyi. Wanda ya fi tayar min da hankali yanzu shi ne yaro ɗan shekara 13 a ƙarƙashin mota an tokare ta da jak da dutse. Dattijon nan bai taɓa bari na sa ko hannu a ƙasa ba sai mota ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe biyu an kuma tare tayoyin baya. Da kuɗin taya ɗaya mai walda zai ƙera wa gareji guda irinsu.

Laifin kuma ba na bakanike kaɗai ba ne, namu ne masu mota, musamman mu 'yan boko. Muna ganin baƙin mai a farce zubar da girma ne. Mu jefa wa yaro makulli mu koma inuwa muna danna waya. Ba mu san sandar gwada mai ba, ba mu rubuta ranar juye, sai mota ta tsaya a Kabuga mu fara zagi. In an zo biyan ladan aiki mu murƙushe shi har ƙasa. Mutumin da ka hana ladan hannunsa, ina kake so ya nemi na cefane in ba a kuɗin kaya ba? Shi ya sa zai karɓi kuɗin orijina ya sa jabu, kai kuma ka tafi kana cewa kanikawa ba amana.

Kwanan baya na kira tsohon bakanikena na Ƙofar Ruwa, wanda ya riƙe min motoci ukun nan. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, kira na yi in nemi gafara, na daɗe ina tauye maka hakki." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haba Malam, ai ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na ba shi labarin fulogi na huɗu. Ya ce in da zan kara masa waya a jikin injin tun ranar, da kunne zai gaya min, kuma na yarda da shi. Duk da haka na saya masa 'yar na'urar nan da sifana mai awon ɗauri, suna cikin jakar wani ɗan unguwarmu da zai taho bayan Sallah. Na kuma ce da ƙanina ya kai shi wajen mai walda a ƙera ƙafafun ƙarfe huɗu saboda yaran garejin, kuɗin yana wuyana. Ni kuma kafin ƙanƙara ta sauko akwai sauran bututun birki ɗaya na baya da ban yarda da shi ba, na riga na fesa wa notinsa mai tun jiya.