Abin da ya raba "lose" da "loose", da "advice" da "advise"

Ɗan'uwa, ka tambayi bambancin "lose" da "loose", da kuma na "advice" da "advise", ka ce duk iri ɗaya suke faɗo maka a kunne. Amsar tambayoyin biyu tana rataye ne a kan sautin da ke ƙarshen kowace kalma, wato s ko z.

Kalmar "lose" aikatau ce, tana nufin rasa abu, ko ɓatar da shi, ko shan kaye a gasa, kuma da z take ƙarewa a baki. Idan abin ya riga ya auku, sai ta koma "lost". Ita kuwa "loose" galibi siffa ce, ana faɗinta ga abin da ya yi sako-sako ko wanda ba a ɗaure ba, kamar haƙori mai girgiɗi ko rigar da ta yi wa mutum yawa, kuma da s take ƙarewa. Rubutun yana yaudarar ido, domin mai karatu zai zaci mai o biyu ce ake ja, alhali wasalin "lose" ne ya fi tsawo, saboda a Ingilishi wasali yakan ƙara tsawo idan baƙin da ke biye da shi mai ziza ne, wato wanda maƙogwaro ke karkarwa wajen furta shi. Ka ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja z, sannan ka ja s, za ka ji bambancin da kanka.

A ganina mai jin Hausa bai kamata wannan ya gagare shi ba, tunda ba ya rikita "sare" da "zare", kuma tsawon wasali ne kan gaba wajen raba masa "duka" na jimla da "duka" na sanda. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarshen kalma. Muna da "takwas" da "gabas" masu ƙarewa da s, amma da wuya ka samu kalmar Hausa ta asali da ta ƙare da z, shi ya sa harshenmu kan mayar da z ɗin Ingilishi s ba tare da mun sani ba, daga nan kuma kuskuren ya gangaro cikin rubutu.

Haka zancen yake ga ɗaya tagwayen. "Advice" suna ne, ma'anarsa shawara, ana furta shi da s; "advise" aikatau ne, ma'anarsa ba da shawara, ana furta shi da z duk da cewa babu harafin z a rubuce. Akwai kuma tarkon da nake so ka kiyaye sosai: mu muna cewa shawara da shawarwari, amma "advice" ba ya ɗaukar jam'i a maganar yau da kullum, don haka ba a cewa "advices" ko "an advice", sai dai "some advice" ko "a piece of advice". Wannan tsari na suna da s, aikatau da z, yana nan a "device" da "devise", har ma a "use", "house" da "excuse", waɗanda rubutunsu bai canzawa sam, furucin ne kawai ke nuna aikin da kalmar take yi a jimla.

Sai dai kada ka ɗora wannan ma'auni a kan "practice" da "practise", domin dukansu da s ake furta su. A rubutun Ingila mai c suna ne, mai s aikatau ne, a Amurka kuwa "practice" ake rubutawa ga duka biyun.