Na'urar rana da duniyoyinta ta babbar kasuwar Garwa: ta ci kuɗinta kuwa?

Iyayen yara sun dame ni da tambaya kan na'urar nan ta rana da duniyoyinta da ta fara shigowa shagunan kayan makaranta a babbar kasuwar Garwa. Na sayi ɗaya jaka 18 na sefa, bayan mai shago ya fara da 25, kuma da ita nake darasin yamma da yaran unguwarmu a Hausare. Ra'ayina shi ne na'urar ta fi ɗan littafin da aka haɗo ta da shi hankali nesa ba kusa ba.

Kwalin ɗan China ne, rubutun jikinsa Faransanci da Ingilishi. A ciki akwai gindi na baƙar roba mai faɗin tiren shayi, da ƙwallon rana rawaya mai ƙaramin ƙwan fitila a ciki, da sandunan ƙarfe tara, da ƙwallaye tara farare fat waɗanda yaro zai fenta da kansa. Buroshin banza ne, gashinsa ya fara zuba tun a ƙwallo na biyu. Fenti biyu kuma mun tarar sun bushe, amma wannan ba zan ɗora wa maƙera ba, duk abin da ya kwana a shagon kwano cikin zafin Afrilu na Garwa haka yake komawa. Haɗawa babu wuya, ɗan aji shida zai iya in babba ya ɗaure masa sukurori.

Da ka sa batir uku ka danna, rana ta kama, sanduna suka fara zagaye da wata ƙara ƙur-ƙur-ƙur wadda sai ka saba da ita. Udaridu da ke kusa da rana yana sauri, Neftun yana jan ƙafa. Gudun dai na kwatance ne kawai. A zahiri Udaridu kwana 88 yake yi ya zagaye rana, Neftun kuwa kusan shekara 165, wato kafin Neftun ya gama zagaye ɗaya Udaridu ya yi wajen 680. Babu giyar roba, wato faifan haƙoran da ke juya sandunan, da za ta iya wannan, don haka na yafe musu.

Inda na'urar ta biya ni shi ne daren da aka ɗauke wuta muka kunna ta a zaure. Wata yarinya ta tsuguna, idonta daidai da sandunan, ta ce, "Malam, me ya sa duk hanya ɗaya suke bi? Babu mai komawa baya, babu mai bi ta saman rana?" Mai yiwuwa maƙeran don sauƙin aiki suka jera su haka, amma sun dace da gaskiya: duniyoyi takwas ɗin duk gefe guda suke zagayawa, kuma kusan a shimfiɗa ɗaya suke. Tambayar yarinyar nan ita ce ta hana masanin falsafar Jamus Immanuel Kant barci a 1755, ita ce kuma Pierre-Simon Laplace na Faransa ya sake ɗauka a 1796. Amsarsu ita ce asali wani ƙaton gajimare ne na gas da ƙura yana juyawa a hankali. Nauyinsa ya ja shi ya tsuke, yana tsukewa juyinsa na ƙaruwa, har ya baje ya zama faifai. Tsakiya ta zama rana, abin da ya rage a faifan ya zama duniyoyi, suka gaji hanyar da faifan ke juyawa. Na sha zana wannan da alli a allo yara suna hamma. Ran nan su suka riƙa jan bayanin da bakinsu.

To littafin fa? Shafi goma sha wani abu ne, hotuna masu kyau, amma ya tsaya cak a kan Laplace kamar daga shi aka rufe ƙofa. Ya zana gajimaren yana yar da zobba ɗaya bayan ɗaya, kowane zobe yana dunƙulewa ya zama duniya, ya ce shi ke nan. Bai gaya wa yaro cewa wannan bayanin ya yi tuntuɓe ba. Rana ita ke riƙe da fiye da kashi 99.8 cikin 100 na nauyin gidan duka, wato ita da duniyoyinta, saboda haka bisa lissafin Laplace ya kamata ta riƙa juyawa da gudun tsiya. Amma sai ta yi wajen kwana 25 kafin ta juya sau ɗaya, kuma kusan dukkan ƙarfin juyin yana hannun duniyoyi, musamman Mushtari, babban cikinsu. Wannan ya sa masana suka juya wa gajimaren baya. Chamberlin da Moulton a Amurka a 1905, da James Jeans a Ingila a 1917, suka ce wani tauraro ne ya gifta kusa da rana ya fizgo wani abu daga jikinta, shi ya zama duniyoyi. Sai a 1939 Lyman Spitzer ya nuna cewa gas mai irin wannan zafi watsewa zai yi, ba dunƙulewa ba.

Aka dawo kan faifan, amma da gyara mai yawa. Viktor Safronov na Tarayyar Sobiyet ne ya shimfiɗa lissafinsa a 1969: ƙura na manne wa ƙura ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama duwatsu masu faɗin kilomitoci, manya su riƙa haɗiye ƙanana ta hanyar karo, har a samu duniya. Kusa da rana zafi bai bar komai ya daskare ba sai dutse da ƙarfe, shi ya sa Udaridu da Zara da Duniya da Mirrihi suka fito ƙanana masu tauri. Daga bayan Mirrihi ruwa na zama ƙanƙara, kayan gini suka yi yawa, har Mushtari ya yi girman da ya jawo gas ya lulluɓe kansa, ya kai nauyin Duniyarmu sau 318. Sanyin juyin rana kuwa, ana danganta shi da maganaɗisunta da iskar da take fesowa, su suka taka mata birki. Littafin ko shekarun abin bai faɗa ba, "biliyoyin shekaru" kawai ya ce, alhali an auna su: kusan biliyan 4.57, daga wasu fararen ɗigo a cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama, irin wanda ya faɗo a Allende ta Meziko a Fabrairun 1969. Ragowar kayan ginin har yau suna yawo. Ramin Aorounga da ke arewacin Chadi, mai faɗin sama da kilomita 12, ɗaya daga cikinsu ne ya haƙa shi, kuma yara sun fi natsuwa da wannan misali saboda ƙasar maƙwabta ce.

Na'urar ma tana da nata laifin, wanda ba a gani sai an lura. Kowace duniya a kafe take a sandarta, sai yaro ya ɗauka inda aka haife ta nan take zaune. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata ƙatuwar duniya tana zagaye tauraron 51 Pegasi cikin kwana huɗu kacal, a wurin da babu ƙanƙarar da za ta gina ta. Ke nan manyan duniyoyi na ƙaura. A 2005 wasu masana suka fito da abin da ake kira tsarin Nice, sunan birnin Faransa inda aka yi aikin, wanda ke cewa namu manyan huɗun ma a matse suka fara kafin Uranus da Neftun su matsa waje. Nakan cike wannan giɓin da waya: hoton da na'urar hangen ALMA ta ƙasar Chile ta ɗauka a 2014 na jaririn tauraro HL Tauri, da faifansa mai layi-layi. Faifan da Kant ya yi hasashe ne a zahiri, ka nuna wa yaro ka yi shiru.

Sai maganar sanda ta tara. Tun Agustan 2006, a taron masana taurari na duniya a birnin Prague, aka fitar da Fuluto daga sahun manyan duniyoyi, amma ga shi nan a kwali. Da na yi wa mai shago magana, ya ce, "Haba Malam, a ba ka tara a kuɗin takwas kuma ka yi ƙorafi?" Ban cire shi ba. Lanƙwasa sandar na yi sama kaɗan, tunda hanyar Fuluto a karkace take da wajen digiri 17, yanzu shi kaɗai ne ke fita layi, yara kuma na tambayar dalili.

Girma da tazara kam kada a dogara da ita ko kaɗan. Mushtarinta ya kusa kai rabin rana. Mu mun fita fili da ƙwallon ƙafa a matsayin rana, muka ajiye ƙwayar gero a taku wajen mita 24, ita ce Duniya. Neftun sai mutum ya wuce mita 700, yaron da aka tura ya dawo yana haki.

Batir ba ya jimawa in an bar fitila a kunne, kuma babu ramin caja. Giyar sandar Zuhal ta fara tsallake haƙori saboda nauyin zobensa, mai gyaran rediyo na bakin layinmu ya ɗan sa mata maiko ta daidaita. Ga makaranta ko mai darasin yamma ta cancanci jaka 18, ga ɗan ƙasa da shekara bakwai kuwa asara ce, ƙwallayen za su ƙare a baki. Kafin ka biya, ka sa a buɗe kwalin a gabanka, a gwada injin da batir, ka ƙirga sandunan, ka girgiza kwalaben fenti. Mai shagon ya ce ba ya sayar da giyar na'urar daban, kuma in kaya ya fita ba ya dawowa.