Sarin kayan sallah: Kwari ko odar Chaina?

Wa alaikumus salam, Maman 'yan biyu. Kin tambaya inda za ki saro wa sabon shagonki kayan sallah. Tsakanin shiga Kantin Kwari da ƙafarki da tura kuɗi a yo miki oda daga Chaina, ki shiga Kwari. Da ɗan jarin da kika ce kin haɗa, ga kuma makonni kaɗan da suka rage a ga watan azumi, ban ga abin dogon nazari ba. Na taɓa duka biyun. Ɗaya ina kai har gobe, ɗayan kuwa ragowarsa na nan cikin buhu a ƙarƙashin gadona, duk ranar da na zo shara sai na yi tsaki.

Abin da masu sabon shago ba su cika lura da shi ba shi ne, mu masu sayar da atamfa da leshi da shadda, kasuwarmu ba ta kaiwa ranar idi. Ranar da teloli suka rufe karɓar ɗinki, ranar ta tashi. Telan da ke jikin shagona azumi bai cika goma ba yake liƙa takarda a ƙofa, kuma ko matar yayansa ce ta zo da turmi sai dai ta koma da abinta. To wa zai sayi yadin da ba mai ɗinka masa? Cinikin gaske daga tsakiyar Sha'aban yake zuwa goman farko. Bayan nan sai ƙananan kaya, mayafi, ɗankunne, takalmin yara, hula, turare, su ne ke tafiya har daren sallah. Ki lissafa kwanakinki daga takardar tela, sai ki ga ko akwai wurin jiran jirgin ruwa a ciki.

Ni na jira shi a 2024. Ƙarshen Janairu na tura wa wani ejan kuɗi, wanda ƙawata ta haɗa ni da shi, ya sayo mini mayafai da rigunan yara da takalma a manhajar sarin kaya ta Chaina mai suna 1688. Farashin da na gani a hoto ya sa har na fara lissafin faɗaɗa shago. Abin da bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne sabuwar shekarar 'yan Chaina ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu, kuma a wannan bikin masana'antu rufewa suke yi, ma'aikata su tafi garuruwansu makonni. Ashe kuma bai canza kuɗin nawa da wuri ba. A cikin Fabrairun nan dala ta kusa kai naira 1,900 a kasuwar 'yan canji ta Wapa, sai ga shi ya kira wai kuɗi ba su isa ba, ko in ƙaro ko a rage kaya. Na ƙara. Aka ɗauki azumi 11 ga Maris, ana jiran kwantena ta cika a birnin Gwanzu na Chaina. Aka yi sallah 10 ga Afrilu, kayana suna kan teku. Cikin Mayu suka iso Kano, bayan kuɗin kwastan da na motar Legas da ba su cikin lissafin farko. Da na buɗe, rigar da aka rubuta ta ɗan shekara shida, da ƙyar ta shiga jikin ɗan shekara huɗu, ruwan tokar mayafin kuma ya koma wani launi da ban san sunansa ba. Na ce bari in jira babbar sallah. Ke ma kin sani, a babbar sallah kuɗin maigida kan rago suke ƙarewa, yara sukan maimaita na ƙaramar.

Ba na cewa odar Chaina ba riba. Mai jari mai kauri, da ke da amintaccen mutum a can, ya yi odarsa wata huɗu kafin lokaci, yana samu. Ba ke ba ce, ba kuma bana ba. In kin ce a ɗoro a jirgin sama don sauri, da kilo ake biya, atamfa kuwa nauyi gare ta, arahar ta tafi kenan.

Kwari fa? Shekarar da na fara, kuɗin adashe na ɗauka na shiga, ban san gabas ba ban san yamma ba. Allah ya haɗa ni da wani dattijo a wajen layin Ta'ambu. Na ga wata atamfa ta burge ni, na ce a ba ni turmi goma iri ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, anko za ki fitar ko shago za ki buɗe?" Ya tambayi unguwar da shagona yake, ya tambaya ko masu zuwa wurina matan ma'aikata ne ko matan 'yan kasuwa, 'yammata sun fi yawa ko iyaye. Sannan ya sa yaronsa ya zaro mini bibbiyu daga kala biyar. Ya ce mata biyu a layi ɗaya ba sa son fitowa idi da zane ɗaya, in ba su suka shirya ba. Da na gama biya na miƙe, ya ƙara mini turmi biyu a kai ya ce in na sayar in kawo, in ba su tafi ba in dawo da su ya canza mini. Ko sunan unguwarmu bai rubuta ba. Kwana tara na koma masa da kuɗinsa, na sake ɗauka. Kafin teloli su rufe sau uku na juya wannan ɗan kuɗin.

Nan bambancin yake a wurina. A Kwari ribar turmi ɗaya ba ta kai ta hoton 1688 ba, amma kuɗinki yana hannunki yana zagayawa. Kalar da aka yi rububinta yau, gobe da safe kin hau adaidaita kin ƙaro. Wadda ta yi kwantai ba ki sake ɗaukar irinta. Yayi kuma a Kano ba ya jiran kowa: amarya ɗaya ta sa wani leshi a biki hoto ya zaga waya, mako guda kowa shi yake tambaya. Mai kaya a teku ba ta da yadda za ta yi da wannan.

Dattijon nan har yau wurinsa nake fara zuwa. Da ambaliya ta shiga Kwari a Agustan 2022 shagonsa na cikin waɗanda ruwa ya ci. Na je jaje, na tarar ya ware wanda ya jiƙe gefe guda, duk wanda ya zo sai ya faɗa masa wannan ruwa ya taɓa shi, ga farashinsa daban. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi da babu tsaba a gari, tiransifa kuma sai ta yini ba ta shiga ba, na tsaya a shagonsa kusan awa biyu ina ta danna waya. Ya ce, "'Yata, ɗauki kayanki ki tafi, la'asar ta yi. In ya shigo ya shigo." Sai washegari ya shiga. Ki gaya mini wane ejan ne zai yi miki haka.

Kada kuma wani ya ruɗe ki da cewa kayan Kwari na gida ne. Yawancinsu daga Chainar suke. Masaƙunmu sun daɗe da yin shiru: ta Kaduna da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL, ita ma ta Kaduna, ta bi bayanta a 2007, na Bompai da Sharaɗa da Challawa ma kaɗan ne suka rage da rai. Amma ki duba wa ke ɗauke da wahalar. Alhajin da ya shigo da kwantena shi ya yi fama da dala, shi ya yi da kwastan, shi ya kwana da fargabar jirgi. Ke ɗan abin da ya ɗora a kai kika biya, kika ga kaya da idonki, kika murza da hannunki. A ganina wannan ƙarin ya fi kowane kuɗi halatta. Sannan a hanyarki ta fita ɗan dako ya samu, yaron shago ya samu, mai adaidaita ya samu, su ma da nasu yaran da ke jiran kayan sallah.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, don Kwarin ma ba masallaci ba ce.

Kina sauka za a tare ki: "Hajiya me ake so? Zo ga shagonmu." Da yawansu ba su da shago, 'yan baranda ne. Zai zaunar da ke a benci ya shiga lungu ya ɗauko, ya ɗora nasa a kai. Ba duka ne macuta ba, neman abinci suke, amma mai sari ba ta da rarar da za ta ciyar da mutum biyu a turmi ɗaya. Ki ce kina da wurin zuwa, ki wuce ciki. Ki tambayi farashin abu ɗaya a shago uku kafin ki buɗe jaka.

Ki tafi da tef ɗin awo na tela a jakarki. Turmi yadi shida ne, amma akwai wanda za ki warware ki samu biyar da rabi, an naɗe shi da kwali a ciki ya yi kauri. Ba za ki sani ba sai tela ya aiko wa mai sayenki cewa ɗankwali bai fita ba, ta dawo miki da faɗa ana gobe sallah. Ki zari ɗaya daga tsakiyar kayan, ba wanda aka miƙo miki ba, ki sa a warware a gabanki. Mai gaskiya ba ya jin haushin awo.

Sai maganar lamba. Takardar da ke liƙe a jikin zane ba ta nufin komai, ana buga ta kamar katin biki. Holan ta gaske ta Vlisco ce, a garin Helmond na ƙasar Holan ake yinta, shaddar Getzner kuma daga Ostiriya take, kuma kuɗinsu sananne ne a kasuwa. Duk wanda ya ce zai ba ki a rabin kuɗi don "kwastan ne suka yi gwanjo", ki ce masa albarka. Ki juya bayan atamfar: mai kyau rininta ya ratsa, gaba da baya kusan ɗaya ne, ta bugun sama kuwa bayanta fari-fari yake. Ki jiƙa farin hankici ki goga a gefe ki ga ko tana zuba. In kina shakkar auduga ce ko roba, zare ɗaya za ki zara ki ƙona: auduga toka take zama, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Ba laifi ba ne ki sayar da Hitarget ko Chiganvy, ni ma su suka fi tafiya a shagona. Ki saye su da sunansu, ki sayar da su da sunansu.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro yanzu su ne masu shafi a Facebook da Instagram da TikTok da ke cewa "muna Kwari, muna turawa ko'ina". Wasu da gaske suke. Wasu kuwa bidiyon shagon wani suka ɗauka, kina turawa a toshe ki. Ba a cinikin biri a sama. In dole sai ta waya, ki ce ya kira ki da bidiyo daga cikin shagon, ya faɗi gida da layi, ki tura ɗan'uwa ya je ya gani, kuma sunan asusun ya dace da mai shagon. Ke ma a naki shagon, goman ƙarshe lokacin masu alat ɗin bogi ne, sun san kina cikin cinkoso ga azumi a baki. Kada hoton rasit a wayar mutum ya ishe ki, ki ga kuɗin a taki.

Yadda zan yi da kuɗin in ni ce ke: ba zan kashe su duka a shiga ɗaya ba. Kusan rabi a atamfa da yadi masu matsakaicin kuɗi, bibbiyu ko uku-uku. Leshi mai tsada guda biyu ya isa a rataye don ado, sauran ki ɗauki hoto a shagon da kika saba, wadda ta zaɓa ta ba da rabin kuɗi ki karɓo mata. Ki ajiye kashi ɗaya cikin uku don komawa. Abin da ya rage na goman ƙarshe ne, takalman yara da jakunkuna da 'yan kunne, su kuma ki leƙa Ƙofar Wambai da kasuwar Sabon Gari. Takalman fata da masu aikin hannu na cikin gari ke yi sun fi na roban da na yo oda daɗewa a ƙafar yaro, na gani a kan nawa.

Kuma ki duba maƙwabtanki kafin ki cika kanta da kayan waje. Akwai wata 'yar Maiduguri a layinmu mai haɗa humra da turaren wuta, da wata bazawara mai sa wa mayafi dutse. Na ware musu gefen kanta ɗaya, suna kawowa, in an saya in cire ɗan kamashona in ba su nasu. Ko sisi ban zuba ba, kuma mace ta shigo neman turare ta fita da turmi. Bashi kuwa, na san hanji ne, amma wanda kika bayar a azumi sai bayan babbar sallah kike ganinsa, in kin gan shi. Ki rubuta sunan mutum uku da za ki iya ɗaga wa ƙafa, ki tsaya a kansu.

Ki shiga cikin makon nan, da safe kafin rana ta take, kada ki zaɓi Juma'a. Ki sa takalmi mara tudu, ki rataya jakarki ta gaba, ki riƙe ɗan canjin dako daban don kada ki riƙa buɗe babbar a cikin mutane. In kina so ki yi mini magana ta gefe mu haɗu a bakin titin IBB ranar da zan shiga, in kai ki wurin dattijon ki gaishe shi. Tef ɗin dai kada ki manta.