Matakalar masallacinmu da wurin fasa dutse na Buoho

Da kwamitin masallacin unguwarmu a Aboabo, cikin birnin Kumasi na Ghana, ya yanke shawarar sauya matakalar ƙofar gabas, wadda simintinta ya ɓarɓashe saboda ruwan alwala da yawan tattakawa, ni aka ɗora wa nauyin nemo dutse. Birkilanmu ya ba da shawarar a sayi giranit a sassaƙe, guda shida, kowanne tsawon mita 1.5, faɗin santimita 40, kaurin santimita 15. Wannan ne ya kai ni wani wurin fasa dutse a yankin Buoho, a kan hanyar Offinso, inda duwatsun da ke ciyar da gine-ginen Kumasi da tsakuwa suke. Na je sau uku kafin ciniki ya faɗa.

Mafi yawan aikin da ake yi a yankin na tsakuwa ne: a huda dutse, a dasa nakiya, a tayar, injin niƙa ya karɓa, tifa ta kwashe. Dutsen da nakiya ta tarwatsa ya dace da kankare, amma bai dace da matakala ba, domin girgizar tana barin tsaga siririya a cikinsa wadda ido ba ya gani, sai an ɗora masa nauyi ko ruwa ya ratsa ta sannan ta buɗe. Shi ya sa tambayar da na fara yi ita ce ko da nakiya za su fasa namu, kuma amsar da shugaban ma'aikatan ya bayar ita ta tsayar da ni a wurinsu. Ya ce, "Alhaji, naka ba za mu taɓa shi da wuta ba, da weji za mu tsaga shi, ka zo ka gani da idonka."

Na zo kuwa. Da farko ya share fuskar dutsen, ya watsa ruwa, ya duƙa yana duban yadda ƙwayoyinsa suka kwanta, saboda giranit yana da gefen da yake yarda ya tsage cikin sauƙi kamar yadda itace yake bin jijiyarsa. Daga nan ya ja layi da alli, wani matashi ya bi layin da injin huji mai aiki da iskar kwamfiresa, yana yin ramuka a jere, tsakanin kowane biyu kamar taƙi guda. A kowane rami aka saka ƙarafa biyu masu lanƙwasasshen kai, aka cusa weji, wato ƙarfe mai tsini da ake bugawa don tsaga dutse, a tsakaninsu. Mai guduma bai yi gaggawa ba: bugu ɗaya ga kowane weji, daga farkon layi zuwa ƙarshe, ya dawo ya sake, yana sauraron amon ƙarfen. A zagaye na biyar amon ya sauya daga kaifi zuwa dushewa, wani siririn layi ya bayyana tsakanin ramukan, dutsen ya rabu ba tare da wata ƙara mai firgitarwa ba. Kafin a ɗora kowane guda a mota sai ya ƙwanƙwasa shi. Wanda ya yi amo garau ya wuce, guda ɗaya da ya yi amo kamar fasasshiyar tukunya kuwa ya ture shi gefe bai caje mu ba.

Ba su da zarton waya mai ƙwayoyin lu'ulu'u, irin wanda manyan mahaƙu suke zura wa ta ramuka biyu masu haɗuwa, yana juyawa ana kwarara masa ruwa har ya yanke dutse sumul. Saboda haka kaurin namu bai zo daidai ba, akwai bambancin kusan santimita 2 a guda biyu, sai da birkila ya cike da siminti a ƙasa. Ga matakala wannan ba aibi ba ne, hasali ma fuska mai kaushi ta fi tsare jiƙaƙƙiyar ƙafa daga santsi, amma mai neman dutsen teburin kicin ya nemi wani wuri.

Inda suka gaza shi ne alkawari da ƙura. An ce mana mako biyu, ya zama biyar, kuma a ranar kawowa motar ta maƙale a cunkoson Suame har bayan la'asar. Ba su turo masu saukewa ba, alhali giranit yana kai kimanin tan 2.7 a kowace mita kubik, wato kowane guda namu ya haura kilo 240. Matasan unguwa takwas ne suka yi ta fama da katako da igiya. Mai hujin kuma ba shi da takunkumi sai tsumma a hanci, ga ƙurar giranit mai ɗauke da silika wadda ke lalata huhu a hankali. Na yi wa shugabansu magana, ya ce za a saya.

Kuɗin ya fi na matakalar siminti nesa ba kusa ba, kuma sun karɓi rabi ta momo, wato tura kuɗi ta waya, kafin su fara. Damina ɗaya ta wuce a kan duwatsun, babu wanda ya tsage. Idan muka tashi gyaran ƙofar arewa can zan koma, sai dai za a rubuta ranar kawowa da kuɗin saukewa a takarda kafin in tura ko sidi ɗaya.