Yaya, kaset ɗin Kawu ba na fim ba ne

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, Inna da yara da duk mutanen Jekadafari. Hoton kwalin nan da ka turo mini shekaranjiya ya hana ni barci. Ka ce kun zura ɗaya a bidiyo, ba hoto ba murya, shi ya sa kuke shirin zubarwa. Don Allah kar a taɓa su. Kaset ɗin ADAT ne na situdiyon marigayi Kawu, kuma irinsu nake juyewa kullum a wurin da nake aiki a nan Landan.

Kamfanin Alesis na Amurka ne ya gabatar da na'urar ADAT a 1991, ta shiga kasuwa a 1992. Jikin kaset ɗin na S-VHS ne, amma sauti zalla ake ɗauka a kai, layi 8 a jere: mai kalangu da layinsa, 'yan amshi da nasu, mawaƙi da nasa. Ana iya jona na'ura har 16 su ba da layi 128. A 1993 sai Tascam na Japan ya kawo DA-88, mai cin ƙaramin kaset ɗin Hi8 irin na kyamara. Ita tana ɗaukar minti 108, ADAT kuwa wajen minti 40 a kaset ɗin da aka fi amfani da shi.

To su biyun ba sa jin yaren juna. ADAT da haske take magana, ta wata siririyar waya wadda in ka leƙa bakinta za ka ga jan haske kamar garwashi, kuma layi 8 ɗin duka ta cikinta suke bi lokaci guda. Tascam tata wayar mai kauri ce, TDIF, kanta da haƙora 25. In za a juye daga wannan zuwa waccan sai an sa akwatin tafinta a tsakani. Maigidana yana da shi, yana kuma da wani mahaɗi da nake karkatar da sauti da shi, in ɗauko layi na 3 daga nan in sauke shi a layi na 7 a can ba tare da na zare waya ko ɗaya ba.

Ka tuna masu kwafin kaset na Tsohuwar Kasuwa? Kwafin farko da daɗi, na biyu ya fara shuu, na uku kuwa sai ka ji malami kamar daga rijiya yake wa'azi. A nan lambobi ake turawa, don haka kwafi na goma da uwar kaset ba ka bambance su. Sharaɗi ɗaya ne: agogo. Kowace na'ura tana yanka sautin gida 48,000 a daƙiƙa, kuma dole ɗaya ta zama liman, sauran su bi ta. Satin da na fara aiki na bar biyu kowace tana bin agogonta. Ina sa abin ji a kunne na ji ƙas, can kuma ƙas, a tsakiyar muryar wata baiwar Allah da ta riga mu gidan gaskiya, 'yarta kuma tana zaune tana jira. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gyara, na sake daga farko, muryar ta fito tas, yarinyar ta sunkuyar da kai tana hawaye. Tun ranar ba na danna maɓalli sai na duba agogo sau biyu.

Batun kaya kuma, an daina ƙera na'urorin nan da daɗewa, sai na hannu. Ana samunsu a eBay, kasuwar intanet, kuma mai gaskiya zai rubuta maka awa nawa hed ɗin, wato abin da ke karanta kaset, ya yi yana juyawa, domin na'urar da kanta tana ƙirgawa. Akwai masu ba da haya ma, a kawo maka har ƙofa. Wuta ba ta ɗaukewa a tsakiyar kwafi, wannan kam ni'ima ce, don ka san yadda janareta ke wasa da kayan lantarki a gida.

Amma gyara, Yaya, mu ne a gaba. A nan masu iya buɗe ADAT 'yan tsiraru ne, yawancinsu dattawa, sai ka yi makonni a layi, kuɗin kuma da awa ake lissafa shi, ba ragi ba bashi. Alhali cikinta kusan cikin bidiyo ne: bel, roba mai jan zare, hed mai juyawa. Tsofaffin masu gyaran bidiyo na Sabon Layi za su buɗe ta a gabanka, kuna hira, kafin la'asar ta tashi. Abin da ba su da shi kayan canji ne kawai, su kuma zan iya tattarowa daga nan.  Wutar Ingila kuma daidai take da tamu, har bakin soket.

Yanzu ga abin da nake roƙo. A fitar da kwalin daga ɗakin kwanon nan, zafin Gombe da ƙurar hunturu su ne ajalin kaset. A kai shi ɗakin Inna, nesa da sifika, a jera su a tsaye kamar littattafai. Ka duba rubutun Kawu a bayan kowanne: in ka ga ɗaya an sa 1-8, wani kuma 9-16 da sunan waƙa iri ɗaya, to tagwaye ne, a ɗaure su tare, rabin waƙar na kowanne. Ka ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya ka turo mini. In Allah ya kai mu babbar sallah zan taho da na'ura ɗaya da wayar haske, mu juye su a kwamfuta a gaban Inna, ta sake jin muryar ƙaninta. A gaishe ta da kyau.